Garwashin Safiyar Mayu

Wutata ta mutu a jajibirin Mayu.
Barci ne ya sace ni
kafin in lulluɓe garwashi da toka.
Shekara saba'in da ɗaya, ban taɓa yi ba sai jiya.

Na ɗauki tukunyar ƙarfe,
na bi katangar duwatsu zuwa gidan Manus,
hazon tekun Donegal yana lasar kunnena,
ƙafar hagu tana gardama da ta dama.

Na san ranar. Wa ya fi ni saninta?
Yau gishiri ba ya ƙetare dokin ƙofa,
ko ɗigon madara, balle wuta;
wanda ya fita da garwashinka
ya fita da man shanunka na shekara.
Ko lofe namiji ba ya kunnawa a murhun wani.
Amma sanyi bai san kalanda ba.

Na wuce ɗakin shanu.
Ga reshen rowan a saman ƙofa,
ga gicciyen Birjit na ciyawar fadama ya yi baƙi da hayaƙi,
ga Rua, jar saniya, da jan zare a wutsiya.
Ni na zaro ta daga cikin uwarta
a daren ƙanƙara, hannuna har kafaɗa,
ni na dafa dakashin, na raba wa yaran layi.
Ta juyo ta hura min numfashi.
Ita kaɗai ta gaishe ni.

Sorcha na tsaye kan gangar kaɗa nono,
gumi a goshi, tun asuba man ya ƙi taruwa.
Ta sa ƙusar kofaton doki a ƙarƙashi,
ta sa garwashi, ta yayyafa ruwan coci.
Na ce, Allah ya sa albarka a aikin.
Ta amsa wa ƙafata, ba fuskata ba.

Na gane.
Shekaranjiya karen Manus ya kori zomo
daga gindin hantsar Rua,
ya cije shi a cinyar hagu, in ji su.
Ni kuwa dutsen bakin rijiya ne ya kayar da ni,
sai dai dutse ba ya zuwa ba da shaida.
Gwauruwa, ba ɗa, ga ɗingishi:
a watan Mayu ba a wahalar neman mayu.

Wuta dai babu, Nabla, ta ce.
Amma ba za ki fita ba sai kin kama sandar.
Haka dokar take, baƙo ya kaɗa ko sau uku
don kada sa'ar gida ta bi shi.

Na kama.
Ɗaya. Biyu.
Hannun nan ya kaɗa nono tun kafin a yaye uwarta.
Kafin goma sautin ya sauya,
tsala ta ware, man ya taso
rawaya, gaya-gaya, kamar furen kan tudu.

Da ma bai zo ba.
Ɗakin ya yi tsit, har agogo ya ji kunya.
Manus ya yi alamar gicciye.
Wadda ta iya dawo da shi, ai ita ta ɗauke.

Na koma da tukunyata wayam.
Na tatsi akuyata da yatsu masu sanyi,
tsirtuwa ukun farko na zubar ƙasa
don mutanen ɓoye, kamar kullum.
Na ci dankalin jiya, na sa bargo biyu.

Ban riƙe Sorcha a zuci ba.
Da ita ce ta zo ƙofata yau da tukunya,
rantsuwa ba sai na yi ba, da na hana ta.

Da magariba ga zomon a kan katanga,
ƙafa ɗaya a ɗage.
Muka daɗe muna kallon juna.
Na ce, kai ma sun ce ni ce?
Na ajiye masa madara a fasasshen faranti,
na shiga jiran gobe,
ranar da wuta take komawa wuta kawai.